Daga Hantsa Zuwa Ludayi: Yadda Za a Sha Madarar Shanu Ba Tare da an Sha Cuta Ba

Ƙanena ya yi wata huɗu yana zazzaɓi a shekarar da ya fara bin shanun Baffa kiwo, can ƙauyenmu na ƙasar Gumel. Da safe ka gan shi garau, har ya ɗauki sanda da gora ya bi garke. La'asar na yi jiki ya ɗau zafi, da dare kuwa gumi ya jiƙa tabarma sharkaf, ga ciwon baya da na gwiwa kamar tsoho ɗan saba'in. An yi masa maganin maleriya sau uku, na taifot sau biyu, duk a kemis. Sai da ya rame idanu suka faɗa aka kai shi babban asibiti, inda wani likita ya yi wa Inna tambayar da babu wanda ya taɓa yi mana.

"Mama, yaron nan yana shan madara ɗanya?"

Inna ta ce, "Likita, ai da ɗuminta yake sha, ana tatsa yana kafa kai. Abin da ubansa ya sha ke nan ya girma."

Aka ɗebi jini, aka ga burusela ce, cutar da mutum ke ɗauka daga dabbobi, aka ɗora shi a kan magani na mako 6 cur, ya warke. A wannan shekarar shanu biyu sun yi ɓari a garken, Baffa ya ce bakkale ce ta shigo. Ba wanda ya kawo a ransa cewa bakkalen shanun da zazzaɓin yaron cuta ɗaya ce.

Ba na so kowa ya bar nono, balle a ga laifin matan ruga da ke ɗauko ƙwarya a ka su yi tafiyar kilomitoci don mu sha fura. A ƙauyen da nama sai ranar kasuwa ko ranar suna, nono ne ke gina jikin yara. Abin da nake so a gane shi ne tsami ba ya maye gurbin wuta, kuma hanyar da iyayenmu mata ke bi su yi kindirmo, wato a dafa madara kafin a zuba iri, ita ce hanyar da ta dace da duk madarar da za ta shiga bakin mutum.

Abin da ke cikin farar madara

Ta hanya biyu cuta ke shiga. Wata daga jikin saniyar take fitowa, ta biyo hantsa, ko da an wanke ƙwarya da ruwan zamzam. Wata kuma daga waje take faɗowa: kashin shanu da ya bushe a cinya, wutsiya, ƙuda, hannun mai tatsa, ruwan ɗauraya.

A hanya ta farko, bakkale, wato burusela, ce kan gaba. Saniya na iya ɗauke da ita tana kiwo lafiya lau, sai dai ta zubar da ciki a watannin ƙarshe, ko mabiyiya ta ƙi faɗowa, ko gwiwa ta kumbura ta tara ruwa. Irin ta awaki da tumaki ta fi tsanani a jikin mutum. Wani likitan sojan Birtaniya, David Bruce, shi ya gano ƙwayar a tsibirin Malta a 1887, lokacin da zazzaɓi ke kwantar da sojoji. A 1905 aka gano cewa madarar awaki ce ke kawo ta, aka hana sojojin sha, cutar ta ja da baya a barikinsu. A jikin mutum tana zuwa da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, gumin dare, ciwon gaɓoɓi da ƙugu, wani lokaci kumburin maraina ga maza, ga mai ciki kuma haɗarin ɓari.

Sai tarin fuka irin na shanu. Idan ta madara ya shiga, ba lallai ya fara da tari ba. Yakan zauna a kaluluwar wuya ta kumbura ta ƙi sacewa, ko a ciki, musamman ga yara. Ɗaya daga cikin magunguna huɗu da ake fara ba mai tarin fuka, wato firazinamaid, ba ya cin wannan nau'in. Shi ya sa yake da kyau likita ya san majiyyaci mai shan ɗanyar madara ne.

A hanya ta biyu akwai masu kawo amai da gudawa, irin su salmonela da kamfilobakta, da wani nau'in ikolai da ke zaune a hanjin shanu ba ya yi musu komai, amma a cikin yaro ƙarami yana sa gudawa da jini, har ya taɓa ƙoda fitsari ya ɗauke. Akwai kuma listeriya, wadda sanyin firiji ba ya hana ta hayayyafa, kuma mai ciki ta fi yi wa illa.

Duk waɗannan, babu wadda ke sauya launin madara ko ƙanshinta. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a nan bai sani ba.

Mataki na farko: dubi saniyar kafin ka ɗauko ƙwarya

Akwai shanun da madararsu ba ta sha ba ce ko da za a dafa. Saniyar da ke kwance ba ta cin abinci, ko wadda ta yi ɓari kwanan nan, a bar ta sai malamin dabbobi ya duba. Wadda hantsarta ta kumbura, ta yi zafi ko tauri, ko madarar na fitowa da gudaji, ruwa-ruwa, ko jini, ciwon hantsa ne. Ƙwayar da ta fi kawo shi tana iya zuba guba a cikin madarar in ta daɗe a ajiye, kuma tafasa na kashe ƙwayar amma ba ta lalata gubar. Wannan shi ne aman nan da ke zuwa awa biyu ko uku bayan an sha.

Na uku, wanda na ga an fi sakaci da shi, shi ne allura. Makiyayi ya sayo LA, allurar kashe ƙwayoyin cuta mai daɗewa a jikin dabba, a kasuwar Maigatari ko Wudil ya yi wa saniya da yamma, da safe a tatse ta a kai kasuwa. Maganin yana fita ta madara kwanaki, wuta kuma ba ta kawar da shi duka. A jikin kwalbar akwai adadin kwanakin da aka ce a jira, in ba ka iya karantawa ka tambayi mai sayarwa ko malamin dabbobi. Matan da ke yin kindirmo sun san alamar: ka zuba iri, ka rufe, gari ya waye madara ba ta kama ba. Maganin ne ya kashe irin. Abin da ya kashe irin kindirmo bai dace ya riƙa shiga cikin yaro kullum ba.

Haka dusa, angurya ko tunkuzar da ta yi fumfuna a ɗakin ajiya. Gubar fumfunar tana ratsa jikin saniya ta fito a madara, tana cutar da hanta a hankali, ita ma ba ta jin wuta. Abincin da ya yi kore ko baƙi yana warin ruma, kada a zuba wa saniyar tatsa.

In an yi ɓari a garke, kada a taɓa ɗan tayin ko mabiyiya da hannu tsirara. A sa leda a hannu, a haƙa rami mai zurfi a binne inda kare ba zai tono ba. Akwai rigakafin bakkale da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Filato take yi, ana yi wa 'yan maruƙa mata tun suna 'yan watanni. A tambaya a ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma.

Mataki na biyu: tatsa

A matsa da saniyar daga inda garke ya kwana zuwa busasshen wuri. A wanke hannu da sabulu, ba ɗauraya ba. Bayan maraƙi ya ɗan tsotsa madara ta sauko, a goge kan nonon da ƙyalle mai tsabta da ruwan ɗumi, a bari ya bushe. Hantsa jiƙaƙƙiya ta fi busasshiya haɗari, don ruwan datti ne zai riƙa ɗiga cikin ƙwarya. A daina tsoma yatsu cikin madarar don a sami santsin tatsa. Feshin farko, biyu ko uku daga kowane kai, a tatsa shi a bayan baƙin murfi a duba ko da gudaji, sannan a zubar. A ɗaure wutsiya in da hali. Mai tari da ya daɗe, ko mai gudawa, ko mai ƙurji a yatsa, ya bar wa wani tatsar.

Maganar ƙwarya kuwa, ina son ƙwarya, kuma nonon ƙwarya yana da ɗanɗanon da na roba ba shi da shi. Amma ƙwaryar da ta tsage gyartai ya ɗinke, madara na maƙalewa a cikin ɗinkin, soso ba ya kaiwa. Irin wannan a mayar da ita ta awon hatsi. Ta tatsa a wanke da sabulu, a watsa mata tafasasshen ruwa, a kife a rana a kan wani abu, ba a ƙasa ba. Bokitin fenti da jarkar da aka taɓa zuba mai ko maganin feshi, babu wankin da zai mayar da su mazubin abinci.

Mataki na uku: wuta

Nan ne zuciyar aikin, kuma lokaci ne ke yanke hukunci. A zafi irin na watan Afrilu a Kano da Jigawa, lokacin da ma'auni ke kaiwa digiri 40, ƙwayar cuta ɗaya tana iya rabuwa biyu duk minti 20. In aka bar ta ta yi ta yi, a cikin awa 6 guda ɗaya ta haura dubu 260. Madarar da aka tatsa da hantsi aka ajiye sai azahar ba ita ce aka tatsa ba. Don haka kada a wuce awa 2 ba a ɗora ta a wuta ba.

A tace ta da farin ƙyalle wanda aka wanke aka shanya. Tacewa na cire gashi da ƙasa ne kawai, ƙwayar cuta na wucewa abinta. A ɗauraye tukunya da ruwa mai kyau a bar ɗan danshi a gindinta, yana rage kamawa. Kada madarar ta wuce rabin tukunya, don in ta taso bori take yi. A sa wuta matsakaiciya, a riƙa juyawa da ludayin ƙarfe ko muciya mai tsabta har ƙasa. Za ka ga ƙananan kumfa sun fara zagaye bakin tukunya, tururi na tashi. A nan mutane da yawa ke saukewa su ce ta yi zafi, alhali ba ta kai ba. A jira sai gaba ɗayanta ta kumburo tana neman zubowa, sannan a janye itace ɗaya ko biyu, a ci gaba da juyawa tana tafasa a hankali minti 2 zuwa 3. A sauke, a rufe nan take.

In kana shakkar madarar da aka kawo maka, ɗebi cokali ɗaya ka kara a wuta tukuna. In ta tsinke ta yi gudaji, ta riga ta fara juyawa, ko da dakashi a ciki, ko daga hantsa mai ciwo ta fito.

Kamfanoni ba sa tafasawa. Suna ɗumama ta zuwa digiri 63 na minti 30, ko digiri 72 na daƙiƙa 15, sannan su sanyaya ta da sauri. Hanyar ta samo suna daga Louis Pasteur na Faransa, wanda ya fara gwada ta a shekarun 1860. Mai ma'aunin zafi na abinci, kamar masu yin yogot na sayarwa ko cibiyoyin tara madara, zai iya bin wannan ya sami ɗanɗano mafi kusa da na ɗanya. Amma a murhun gida ba a kintatar digiri 63 da ido. Tafasa ita ce alamar da kowa ke gani.

Na san abin da za a ce, don Goggo ta faɗa mini a fuskata: "Ke 'yar nan, wuta ai cinye albarkar madara take yi, kuma man ba ya fita." Abin da wuta ke ragewa ɗan kaɗan ne daga wasu bitamin. Sinadarin gina jiki, da mai, da kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi, suna nan daram. Man shanu kuma yana fita daga dafaffiyar madara in ta kwana ta kama aka kaɗa ta, haka matan ƙauyukan Indiya ke fitar da nasu. Kukan da na yarda da shi shi ne na itace, don yanzu ko kara sai an saya. Dabarar da muke yi a gida ita ce a ɗora madarar a kan wutar kunun safe kafin ta mutu, ba sai an hura wata ba.

Wannan doka ba ta shanu kaɗai ba ce. Madarar akuya da ake ba marar lafiya ko maraya, da ta raƙumi da mutane ke nema don magani, duka a tafasa. Mai neman waraka jikinsa ya riga ya yi rauni, shi ya fi kowa buƙatar a dafa masa.

Mataki na huɗu: bayan an sauke

Dafaffiyar madara fili ce da aka share, duk abin da ya faɗa ciki zai yi girma ba mai tare shi. A tsoma gindin tukunyar, a rufe, cikin baho mai ruwan sanyi don ta huce da wuri. Wadda za a sha a sha a lokacin. In babu firiji, kada dafaffiyar madara ta zauna fiye da awa 2, in ta wuce a sake tafasawa, ko tun farko a mayar da ita kindirmo.

Ga yadda ake yi. A bari ta huce har in ka ɗiga a bayan hannu ka ji ɗumi mai daɗi ba ƙuna, kusan digiri 43 ke nan. A ɗiga, kada a tsoma yatsa. A zuba iri kamar cokali 2 ko 3 a kowace lita, a juya, a rufe, a ajiye inda ba za a motsa ba. Da zafi awa 6 zuwa 8 ya isa, da hunturu a lulluɓe da zane ya kwana. Irin shi ne wurin da ake yawan yin tuntuɓe: in daga nonon da ba a dafa ba aka ɗebo shi, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. A fara da kindirmon da aka tabbatar dafaffe ne, ko yogot na kamfani marar sukari, daga nan a riƙa ɗiba daga na jiya.

Me ya sa tsamin kaɗai bai isa ba? Gaskiya ne yana hana ƙwayoyi da yawa ƙaruwa, shi ya sa nono ya fi madara jure rana. Amma burusela da ƙwayar tarin fuka da ikolai mai sa jini suna iya yin kwanaki da rai a cikin tsami, nonon kuwa washegari ake shanye shi.

Don ajiya, tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000, tana taimaka wa kindirmo ya ƙara kwana bai yi tsami da yawa ba, musamman lokacin rani da iska ta bushe. Sai dai sanyinta bai kai na firiji ba, ba ta isa a ajiye ɗanyar madara a ciki ba.

Man shanu kuma, ɗanyen curin nan da ake tsomawa a ruwa, in daga nonon da ba a dafa ba ya fito, a soya shi har ruwan ya ƙone kafin a zuba a tuwo ko a ba yaro.

In saya za ka yi

Yawancinmu ba mu da turke, a bakin kasuwa ko ƙarƙashin bishiya muke tsugunawa. Ka zaɓi mace ɗaya ko biyu ka zama abokin cinikinsu, ka yi tambaya cikin mutunci: "Goggo, wannan dafaffe ne ko kwantawa ya yi?" Za ta gaya maka. In masu saye suka riƙa neman dafaffe suna biyan ɗan ƙarin da ya rufe kuɗin itace, za a riƙa dafawa. Madara kuwa, ko an ce maka an dafa, ka sake tafasawa a gida.

Ka lura da ruwa. Sau da yawa nonon lafiyarsa ƙalau, ruwan da aka sirka shi da shi ko aka dama fura ne ya zo daga kududdufi ko buɗaɗɗiyar rijiya. Haka ƙanƙarar da ake fasawa a kan buhu a jefa ciki, da bokitin ruwa ɗaya da ake ɗauraye kwano da ludayin kowa tun safe. Na fi son in sayi kindirmo mai kauri da curin fura, in je da kwanona, in dama a gida da ruwan da na yarda da shi. Da damina, lokacin da kwalara ke yawo, wannan ba zaɓi ba ne, dole ce.

Akwai mutanen da ba a yi musu sassauci ko kaɗan: mai ciki, yaro ƙasa da shekara 5, tsoho, da mai ciwon da ya raunana jiki kamar sikila, ciwon suga ko cuta mai karya garkuwa. Jariri kuwa, wata 6 na farko nonon uwa kaɗai, ba madarar shanu, ba ta akuya, ba ɗan man shanu a baki.

In an riga an sha, jiki ya nuna

Gudawa in ta fara, a fara da ruwan gishiri da sukari tun kafin a nemi abin hawa: fakitin da ake sayarwa, ko lita 1 ta tafasasshen ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, duk a shafe ba a tula ba. Yaro a haɗa masa da ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14, mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono. In an ga jini a bayan gida, ko fitsari ya ragu, ko fuska ta kumbura, ko yaro ya yi laushi ba ya iya sha, asibiti kai tsaye. Kada a sayo kafso ko maganin tsayar da gudawa a kemis, domin a irin gudawar jinin nan suna iya ƙara jefa ƙoda cikin haɗari.

Zazzaɓin da ya wuce mako 2, ana maganin maleriya yana dawowa, ga gumin dare da ciwon gaɓoɓi, kada a jira likita ya yi tambayar da aka yi wa Inna. Ka faɗa da bakinka cewa kana shan ɗanyar madara, ko kana kiwo, ko an yi ɓari a garkenku, ka nemi a duba burusela. Akwai gwajin jini mai sauƙi da ake kira Rose Bengal, kuma in ƙaramin asibiti ba shi da shi, a nemi takardar turawa zuwa babba, kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Maganin haɗi ne na iri biyu, mako 6 aƙalla, wanda ya yanke a mako na biyu don ya ji sauƙi cutar na dawo masa. Tarin da ya kai mako 2, ko kumburin wuya da ya ƙi tafiya, a je sashen tarin fuka na asibitin gwamnati, gwaji da magani kyauta ne. In mutum ɗaya a gida ya kamu, a duba sauran da suke sha daga ƙwarya ɗaya da shi, sannan a kira malamin dabbobi ya zo ya ga garken.